Wai "brioche" ba shi da wani suna ne a sauran harsuna?

Hajara:
Assalamu alaikum. Ina koyon Faransanci, yau darasinmu ya faɗo kan karin kumallo, sai ga kalmar brioche. Malamarmu ta ce burodi ne mai laushi da ake kwaɓawa da ƙwai da bota mai yawa da ɗan sukari, har ta nuna mana hoton wanda ake ɗora wa ɗan dunƙule a ka kamar hula. Na duba ƙamus na Turanci, brioche. Na Jamusanci ma haka, sai dai da babban baƙi. Rashawa kuma briyosh. Babu wanda ya raɗa masa suna da harshensa ne? Ni kuma in zan rubuta da Hausa, me zan ce?

Malam Sani:
Wa alaikumus salam, Malama Hajara. Kusan duk aro ne, kowa ya lanƙwasa shi daidai bakinsa. Japanawa buriosshu suke cewa. Asalin kalmar daga yankin Normandi na Faransa ne, daga brier, wato murza ƙulli, kuma tun 1404 aka same ta a rubuce.

Amma ki yi hattara, inda sunan ya je ba lallai ma'anar ta bi shi ba. A arewacin Italiya in kika nemi brioche, abin da za a miƙo miki mai siffar jinjirin wata ne, ɗan'uwan burodin Faransawa da ake kira croissant. A tsibirin Sisili na Italiya kuwa brioscia ce mai ɗan tuntun nan, su kan tsaga ta su cika da askirim. Romaniyawa sun fi kowa kauce hanya, brioșă a wurinsu ƙaramin kek ne na cikin kofin takarda.

Binta:
Yaya Hajara, kada dai ki ce kek. Kuskuren da aka yi a Turanci ke nan da maganar nan da ake jingina wa sarauniyar Faransa Marie Antoinette, wai da aka ce talakawa ba su da burodi sai ta ce su ci kek. A Faransanci brioche aka ce. Kuma marubuci Rousseau ne ya kawo labarin, ya ce wata gimbiya ce kawai, bai ambaci suna ba, tun kafin ita Marie Antoinette ta iso Faransa a 1770 tana 'yar shekara 14.

Hajara:
Na gode ƙwarai. Biriyosh zan rubuta, in ƙara da "burodin ƙwai da bota" a karon farko. Ai shi kansa burodi aro ne, kuma ba wanda ya yi ƙorafi.

Malam Sani:
Ya yi. Sai dai in Bafaranshe ya dubi mutum ya ce yana da brioche, ba zancen abinci yake ba. Tumbi yake nufi.