Muhawara a zaure: wai namiji ma yana zama juya?

Anti Mai Ɗinki: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ku yi haƙuri da tsawon rubutu, raina ne a ɓace. Ƙanwata uwa ɗaya uba ɗaya shekararta 7 a ɗakin miji, ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba. Babu inda ba mu taka ba. An ɗebi jininta, an yi mata sikanin, har hoton nan da ake ɗura ruwa ta mahaifa a ga ko hanyoyin ƙwai a buɗe suke an yi mata, ta dawo gida tana tafiya a dudduƙe don azaba. Takardun suna nan cikin leda a ƙasan akwatinta, kowace ta ce lafiyarta lau. Likita ya ce saura maigida, ya rubuta masa takardar gwaji. A aljihun rigarsa ta tsince ta ranar wanki, ta jiƙe ta dagargaje. Ya ƙara aure yau shekara 3, amaryar ma shiru. Amma jiya a gidan suna uwar mijin ta dube ta a tsakiyar mata ta ce ita dai Allah ya haɗa ɗanta da juya. To ni yau na faɗa da babbar murya: namiji ma yana zama juya. Maza, don Allah me kuke tsoro a gwajin nan?

Baban Khalifa: Wa alaikumus salam. Hajiya, Allah ya kawo wa ƙanwarki mafita, amma ki gyara bakinki. Tun da uwata ta haife ni ban taɓa jin an ce wa namiji juya ba. Saniya juya, akuya juya, mace juya. Namiji kuwa a'a.

Maman 'Yan Biyu: Au! Ka jera mace da saniya da akuya ba ka ji komai a ranka ba, sai da kalmar ta taɓa namiji ta zama zagi? Mu da muke shan ta shekara da shekaru fa?

Baban Khalifa: Hajiya ba ni na ƙirƙiri Hausa ba, haka na tarar.

Malamin Hausa: A ilmin harshe Baban Khalifa yana da gaskiya, juya kalmar jinsin mace ce. In ana son a haɗa da namiji akwai bakarariya, namijinta bakarare.

Ɗan Birni: Bakarare kuma? Malam a wane gari? Mu a Kano ban taɓa ji ba.

Basakkwace: Ku Kanawa duk abin da kunnenku bai jiya ba sai ku ce babu shi. Hausa ba kasuwar Kurmi anka haife ta ba.

Ɗan Birni: To a Sakkwato aka yanke mata cibi? Ka bari mana Yaya.

Ma'aikacin Lab: Anti, wannan aikina ne na kullum, bari in ce wani abu kafin rigimar kalma ta cinye zancen. Inda 'yan'uwana maza suke ruɗewa shi ne sun ɗauka ƙarfin kusantar iyali da haihuwa abu guda ne. Ruwan da ke fitowa, yawancinsa ba daga maraina yake ba. Kusan kashi biyu cikin uku wasu 'yan jakunkuna biyu da ke bayan mafitsara ne ke samar da shi, mafi yawan sauran kuma daga furostet, ƙululun nan da ke ƙarƙashin mafitsara. Ƙwayoyin haihuwa da 'ya'yan maraina ke ƙerawa ba su wuce kashi 5 cikin 100 na ruwan ba, kuma ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Na sha ɗiga maniyyi mai kauri, fari sol, a kan gilashi, in leƙa in ga fili fetal, ko ƙwaya ɗaya babu. Mai shi kuwa ƙato ne, ga gemu ga murya, iyalinsa ba ta da ƙorafi a kansa. Dalili shi ne sinadarin mazantaka da ake kira testosteron wani ɓangare ne daban na maraina ke yin sa. Yana iya aiki lafiya lau alhali ɓangaren da ke ƙera iri ya tsaya, ko kuwa hanyar fita ta toshe.

Baban Khalifa: To ka ji, ko shi likita bai ce juya ba.

Ma'aikacin Lab: Ni ba likita ba ne Alhaji, gwaji nake yi. Kuma ba abin da nake son ka ɗauka ke nan ba.

Mai Magani Gadon Gida: Jama'a duk wannan sanyi ne da basir. In maniyyi ya tsinke ya zama ruwa-ruwa ba ya zama a mahaifa. Ina da haɗi na saiwoyi, kwana 14 ya kankama. Mai buƙata ya same ni ta bayan fage.

Maman 'Yan Biyu: Ga su nan sun iso. Ku da lasifikarku a bakin kasuwa kuna zuba batsa gaban yara, ku ne kuka hana maza zuwa asibiti.

Mai Magani Gadon Gida: Hajiya kafin Bature ya kawo asibiti da me kakanninki suka haihu? Sana'ar ubana ce, ki kama girmanki.

Ma'aikacin Lab: Malam, tsinkewar nan da kake sayar da maganinta halitta ce. Lafiyayyen maniyyi yana fitowa da kauri, cikin minti 15 zuwa 30 sai ya narke, ta haka ƙwayoyin ke samun sakewa su yi iyo. Wanda ya wuce awa guda bai narke ba shi muke rubutawa a matsayin matsala. Kauri ba ya gaya wa kowa adadi. Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021 ya sa mafi ƙarancin da ake so a gani shi ne ƙwaya miliyan 16 a kowace mililita, ruwan kada ya gaza mililita 1.4, kashi 42 cikin 100 na ƙwayoyin su zama masu motsi. Wanda ya gaza haka ma ba a ce ba zai haihu ba. Kuma ba a yanke hukunci da gwaji ɗaya, don ƙera ƙwayar yana cin kusan wata biyu da rabi, sannan ta shiga wata siririyar hanya da ke naɗe a bayan kowane ɗan maraina, tsawonta in an warware kusan mita 6, a can take nuna ta koyi motsi. Shi ya sa zazzaɓi mai zafi da mutum ya yi watan jiya yana iya ɓata sakamakon yau, a sake bayan wata 3 a ga ya gyaru. Maraina ba sa son zafi, don haka Allah ya rataye su a waje, sun fi cikin jiki sanyi da digiri 2 zuwa 3. Masu daɗewa zaune a kan inji ko gaban wuta su kula.

Direban Tirela: Dakata ɗan'uwa. Masu zama a kan inji su wa kake nufi? Shekarata 22 ina jan mota Kano zuwa Legas, 'ya'yana 11, na goma sha biyu yana hanya. Kada ka ɓata wa direbobi suna, da ma mutane neman abin faɗa suke a kanmu.

Ma'aikacin Lab: Allah ya raya su Baba. Cewa na yi zafi yana iya ragewa, ban ce kowa ba.

Direban Tirela: To ka janye dai.

Ustazu: 'Yan'uwa mu ji tsoron Allah. A Suratus Shura, aya ta 49 da ta 50, Allah ya ce yana ba wanda ya so 'ya'ya mata, ya ba wanda ya so maza, ya haɗa wa wani duka, ya kuma bar wanda ya so babu haihuwa. Ayar ba ta ware mace ba. Goranta wa mace a kan wannan zalunci ne, neman magani kuma bai saɓa wa tawakkali ba.

Baban Khalifa: Madalla Malam. Amma tafsirin da nake ji ba a fassara ta da namiji juya.

Maman 'Yan Biyu: Kai dai kalmar ce ta tsaya maka a maƙogwaro. Ka ba mu wadda kake so a kira shi da ita, mu kira.

Ɗan Birni: A ce Allah bai kawo ba, shi ke nan.

Maman 'Yan Biyu: Ita ma a ce mata haka mana!

Ma'aikacin Lab: Abin da ke ci mini rai, da yawa daga cikin matsalolin ana iya taimakawa. Akwai kumburin jijiyoyin jini na maraina, galibi a ɓangaren hagu, ana yi masa aiki. Akwai ciwon sanyi da aka yi sakaci da shi tun ana samari ya toshe hanya. Akwai hangum in ya kama namiji bayan balaga ya sauka maraina. Akwai samarin da ke yin allurar testosteron don tara ƙwanji, ita kuwa dakatar da ƙera iri take yi. Gwajin babu allura babu wuƙa: mutum ya ƙaurace wa iyali kwana 2 zuwa 7, ya kawo a 'yar kwalba kafin awa guda ta cika.

Basakkwace: Ni dai har yanzu Ɗan Birni bai ba ni amsa ba kan Hausar Kano.

Anti Mai Ɗinki: Tun safe nake karantawa. Ban da ɗan'uwa na lab da Ustazu, babu namijin da ya amsa tambayata. Ƙanwata tana nan kwance a ɗakina idonta a kumbure. Ku riƙe kalmarku, ku gaya mini wa zai sa mijinta ya karɓi kwalbar nan.

Shugaban Zaure: To jama'a, dare ya yi, bari in taƙaita. Abin da muhawara ta tabbatar shi ne juya ba a faɗa wa namiji, Malamin Hausa ya yi bayani kuma mafi yawan masu hankali sun gamsu. Hajiya mai ɗinki tana da uzuri don ranta a ɓace yake, sai dai da ta tausasa harshe da maza sun fi saurarenta, kuma zancen cikin gida irin wannan manya ake kai wa. Maman 'Yan Biyu ta zafafa ƙwarai, ina roƙon ta ba Baban Khalifa haƙuri, dattijo ne a zauren nan. Ɗan'uwanmu na lab ya kawo alƙaluma, mun gode, wanda ya ga zai iya ya gwada. Direbobi kuma babu wanda ya zarge su. Mai magani, talla ranar Juma'a kaɗai ake yi. Na rufe sharhi sai da safe.