Neman kalma: me za a kira iskar kwamfiresa? Alhamis ake jiran takardar

Mai Fassara: Assalamu alaikum. Na ɗebo ruwan dafa kaina, a kawo ɗauki. Wata masana'antar robobi a Sharaɗa ta ba ni takardar horar da ma'aikata in mayar da ita Hausa, shafi 14, ranar Alhamis da safe za a raba. Sun cire tsofaffin kwamfiresa biyu masu fistin, sun kawo sabuwa guda, irin wadda injiniyoyi ke kira sukuru, mai rage gudu ko ƙarawa gwargwadon buƙata. An ƙara babban tanki, an sa abin cire ruwa daga iska, an sake bututu gaba ɗaya. Abu uku suka tsaya mini a wuya: ita kwamfiresar, iskar da take bayarwa, da abin da agogon jikin tanki ke aunawa. Na rubuta "matsattsiyar iska" ya fi sau 40, na karanta wa maiɗakina, ta ce kamar ina tauna tsakuwa.

Mai Faci: Wa alaikumus salam. Kwamfiresa dai kwamfiresa ce. Shekarata 19 a bakin titi, ba wanda ya taɓa tsayawa ya kira ta da wani suna. Ita kuma iska, iska muke cewa. A sa iska, a rage iska, iska ta yi yawa. Agogon kuwa geji ne. Talatin da biyar a tayar mota, ka biya ka wuce.

Injiniya: Kafin a fara raɗa suna bari a san jaririn. Fanka kaɗa iska take yi. Famfo tura ruwa yake yi. Kwamfiresa kuwa cusa iska mai yawa take yi a wuri kaɗan. Yawancin masana'antu a kan ba 7 suke aiki (ba, wato bar, awon ƙarfin iska ne), wajen 100 ke nan a gejin Mai Faci, kusan ninki uku na tayar mota. A ba 7, iskar da za ta cika buhu takwas ce aka tura cikin buhu ɗaya. Duk kalmar da za ku zaɓa, wannan cusawar nake so a ji a cikinta.

Tsohon Malami: Ba sai an wahala ba. Buɗe, mabuɗi. Goge, magogi. Auna, ma'auni. Matsa, mamatsi. Jam'i mamatsai. Harshen ya riga ya yi mana aikin, mu ne dai ba ma tambayarsa. Rubuta mamatsin iska, ɗana, ka huta.

Hajiyar Bompai: Allah ya gafarta Malam, da gyara. Shekara tara na yi ina riƙe lissafi a kamfanin man gyaɗa. A can in ka ce injin matsa, wanda ke matse gyaɗa a fitar da mai kowa zai nufa. Matsa a kunnen ma'aikaci fitar da ruwan abu ne, kamar lemo ko rake. Nan kuwa ba fitarwa ake yi ba, tarawa ake yi.

Tsohon Malami: To danƙara. Ana danƙara auduga a buhu. Madanƙari. Danƙararriyar iska.

Mai Faci: Baba Malam, kafin in gama cewa danƙararriyar iska mai mota ya koma wurin maƙwabcina.

Ɗan Kurmi: Tunda Injiniya ya ce cusawa, a ce macushi mana.

Hajiyar Bompai: Cikin ƙarar inji sai a ji macuci. "Je ka kashe macucin nan." A wayi gari a ofishin 'yan sanda.

Tsohon Malami: Ku yi ta dariya. Haka aka yi wa duk wanda ya fara faɗin jirgin sama, yau wa yake neman wata kalmar? Mutanen da suka iya cewa jirgin ƙasa, suka iya cewa gidan waya, su ne yau za su kasa raɗa wa tukunyar iska suna? Maƙeranmu da zugazugi suke tura iska cikin wuta tun kafin Bature ya san hanyar Kano. Lalaci ne kawai, da ganin cewa abin da ya fito daga bakin Bature ya fi tsarki. Tunaninmu ne ke bukatar garambawul, ba injin Sharaɗa ba.

Ɗan Kurmi: Malam, garambawul ɗin da ka faɗa daga garejin makanikai ta fito, Turanci ce ta sa babbar riga. Injin ma haka.

Tsohon Malami: Waɗannan sun daɗe, sun zama 'yan gida.

Ɗan Kurmi: To ita ma kwamfiresa a bar ta ta kwana biyu. Kuma in an ce mu ce na'ura mai ƙwaƙwalwa maimakon kwamfuta ba ka cewa komai, alhali na'ura Larabci ce, asalinta abin ɗebo ruwa mai juyawa. Aron Larabci ado, aron Turanci lalaci?

Ɗan Maraɗi: Ku dakata, ku mutanen Kano kullum sai ku yi magana kamar a Kwanar Dangora Hausa ta ƙare. Mu nan daga Faransanci muka ɗauko ta, kuma ku ji ikon Allah, kusan abu guda ta ba mu, kwampiresa. Direban da ya taso daga Maraɗi ya yi faci a Jibiya ba ya bukatar tafinta. In kun ƙirƙiro mamatsi, ku kaɗai za ku san ta. Mu a Nijar da aka ayyana Hausa harshen ƙasa a 2025 mu ya kamata mu fi ku zafi, amma ban ga laifin kalmar da ta haɗa mu ba.

Tsohon Malami: Ayyanawa daban, aiki daban. In harshen ƙasa ba zai iya rubuta takardar injiniya da kansa ba, na biki ne da tallan siyasa.

Ɗan Maraɗi: Wannan magana ta yi nauyi, Malam.

Mai Fassara: Don Allah jama'a, yau Talata. Shafi 14.

Injiniya: Bari in dawo da ku, don ni ba sunan injin ne ya dame ni ba. Kwamfiresa a bar ta, shi ne a bakin mai sayar da kayan gyara, kuma ranar da ta lalace ba wanda zai je kasuwa neman belin mamatsi. Iskar ce matsalata, kuma a nan ban yarda da Mai Faci ba. In Bahaushe ya ce iska, banza yake nufi. Magana ta bi iska, aikin iska, ɗan iska. To haka ma'aikaci ke ɗaukar wadda ke cikin bututu. An tashi aiki, sai ka ga yaro ya zaro tiyo yana kakkaɓe ƙurar rigarsa, ya bi wuya, ya bi gashi, wani ma ya nufi abokinsa da shi don wasa. Iska mai ba 7 tana fasa dodon kunne, tana harba ɓarɓashin ƙarfe cikin ido, in ta samu ƙofa ta shiga jiki tana kisa. Ga kuma kuɗi. Mafi yawan wutar da kwamfiresa ke ci zafi take zama, kaɗan ce ke isa wurin aiki a matsayin iska. Inda ba a kula da bututu, kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na abin da injin ya tara ta yoyo yake tafiya. Ku shiga masana'anta ranar da ba a aiki, ku yi shiru, za ku ji tsss ta ko'ina kamar gidan macizai. Tun da aka ɗaga kuɗin wutar Band A, rukunin da ya fi samun wuta, zuwa naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024, wannan tsss ɗin albashin wani ne ke fita. Sabon injin nan mai rage gudu ribarsa ita ce ya sassauta in buƙata ta ragu. In yoyo bai bar buƙatar ta ragu ba, an yi sayen banza.

Hajiyar Bompai: Wato kalmar da za ta raba ta da iskar Allah ta kyauta.

Injiniya: Ita ke nan.

Hajiyar Bompai: Iskar inji. Kamar yadda muke cewa ruwan famfo, kowa ya san ba na sama ba ne, akwai mai kawo takardar kuɗi. "Kada a kakkaɓe jiki da iskar inji." "Iskar inji kuɗi ce." Gwada a bakinka.

Mai Faci: Wannan ta zauna. Ko ni zan iya cewa haka.

Tsohon Malami: Inji kuma. Janareta inji ne, na niƙa inji ne, fanka ma wani zai ce inji ce. Kalmar ba ta faɗi abin da aka yi wa iskar ba, kuma Injiniya da bakinsa ya ce a ji cusawar.

Injiniya: Malam ya kama ni, gaskiya ne. A sa matsattsiyar iska a kanun takarda, a yi bayanin buhu takwas sau ɗaya, sannan a ci gaba da iskar inji.

Mai Fassara: Na karɓa. Tankin fa? Na rubuta tanki, amma akwai tankin ruwa da na gas a wurin, har an taɓa aiken sabon yaro ya zubar da ruwan tanki ya je ya buɗe na sha.

Tsohon Malami: Rumbu. Abin da ake tarawa lokacin yalwa a ɗiba lokacin buƙata. Ko shi ma za ku ce Faransanci ne?

Injiniya: Wallahi Malam aikinsa ke nan daidai. In injuna uku suka ja iska a lokaci guda, daga nan ake ɗiba kafin kwamfiresa ta farga. Rumbun iska. Kuma kamar rumbu, danshi ne abokin gabarsa. Da damina iskar da aka matsa tana sakin ruwa a gindinsa, in ba a zubar ba ya ci ƙarfen ta ciki.

Ɗan Maraɗi: Rumbu kam har wajenmu. Na yafe maganar ɗazu, rabi.

Mai Fassara: Saura agogo. Matsin iska ko ƙarfin iska?

Ɗan Kurmi: Matsi ya tafi wajen 'yan jarida, matsin lamba, matsin tattalin arziki. Ƙarfin iska.

Injiniya: Ƙarfi zai yi, da sharaɗi. Ka raba shi da yawa. Ma'aikaci in ya ga injinsa na jan ƙafa sai ya ce iska ba ƙarfi, a je a ɗaga geji. Alhali sau da yawa yawan da ke isowa ne ya gaza, ko bututu ya yi siriri, ko matatar iska ta toshe da ƙurar hunturu. Kowane ba ɗaya da aka ƙara yana ƙara wajen kashi 7 cikin 100 a wutar da ake ci, kuma yoyon ma ƙaruwa yake. Shi ya sa aka zagaya da sabon bututun kamar zobe, iska ta iso wa kowa ta hanya biyu. Ka rubuta: ƙarfi shi ne abin da geji ke nunawa, yawa shi ne abin da ke wucewa a minti.

Tsohon Malami: Ma'auni, ba geji ba.

Mai Faci: Ma'auni na masu awon hatsi ne, Baba.

Mai Fassara: Zan sa ma'auni a farko in bi da geji, kowa ya samu. Ga abin da zan tura: kwamfiresa, iskar inji, rumbun iska, ƙarfin iska, yawan iska, matata, yoyo. Abin cire ruwan nan mai sanyaya iska zuwa digiri 3 don raɓar ta sauka, na sa masa "na'urar tsane iska" don dare ya yi. Ban gamsu ba.

Hajiyar Bompai: Tsane ta fi busar. Busar da iska sai a ɗauka sarewa ake nufi.

Tsohon Malami: Na ga an ɗauki rumbu an bar mamatsi. Ba komai. Na rubuta ta a littafina da kwanan wata. Abin tsanewar kuma matsani ne, in kuna so.

Mai Fassara: Na gode Baba. Na riga na tura wa mai buga takarda.

Tsohon Malami: A bugu na biyu to.