Kwana 5 a gindin Dutsen Kagoro da iyali: ina da ina ya kamata mu je?

Malamin Tudun Wada:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san kudancin jihar nan. A Kaduna aka haife ni, a nan nake koyarwa shekara 14 ke nan, amma ban taɓa wuce Kachia ba. Wani abokin aikina, mutumin Ƙaramar Hukumar Kaura, ya daɗe yana yi mini tayin ɗaki biyu a gidan mahaifinsa da ke wani ƙauye a gindin Dutsen Kagoro, bana dai na amsa, kuma na yi niyyar tafiya da maiɗakina da yaranmu uku idan an yi hutun Disamba. Kwana 5 muke da su. Abin da na tsara shi ne mu hau dutsen, mu je magangarar ruwa ta Matsirga, mu leƙa ƙauyen Nok, sannan mu rufe da Gandun Dajin Kamuku, domin na gaji da koya wa ɗalibai sunayen wuraren da ban taɓa sa ƙafa ba. Shin wannan tsari zai yiwu daga masauki ɗaya?

Ɗan Layin Dogo:

Wa alaikumus salam, Malam. Da farko ka cire Kamuku daga lissafi. Gandun yana ƙasar Birnin Gwari ne, yamma da Kaduna, Kagoro kuwa tana kudu maso gabas, saboda haka sai ka dawo ka ratsa Kaduna kafin ma ka kama hanyarsa. Tun 1999 ya zama gandun daji na ƙasa, amma ya haɗa iyaka da dajin Kuyambana na Zamfara, kuma shekaru da dama 'yan bindiga ne suka mayar da wannan yanki maɓoyarsu. Sulhun da aka yi da su a ƙarshen 2024 ya sa kasuwar Birnin Gwari ta sake ci, to amma cikin kasuwa daban, tsakiyar daji daban, ni dai ba zan kai yara can ba.

Sauran ukun duk suna kusa da masaukinka. A Kafanchan na tashi, mahaifina ma'aikacin jirgin ƙasa ne a mahaɗar da ta raya garin tun shekarun 1920, kuma na hau Dutsen Kagoro ya fi sau goma. Ku kama hanya da zarar kun idar da sallar asuba, domin hawan yana cin gwiwa, kuma idan hantsi ya dubi ludayi duwatsun sun fara ɗaukar zafi. Hanyar ƙafa ce da ke bi ta tsakanin manyan duwatsu, wani wurin sai ka dafa da hannu. Ba na manta ranar da na zauna ina haki a rabin hanya, sai ga wata dattijuwa tana gangarowa da ƙaton dami na itace, ta gaishe ni da Hausa, ta tambaye ni ko ba ni da lafiya ne, ta wuce abinta ko numfashinta bai sauya ba. Kada ka hau ba tare da ɗan gari ba, ko da hanyar ta yi maka kamar a fili take, don baƙo ko da idonsa makaho ne, kuma akwai wuraren da mutanen gari suke girmamawa waɗanda ba a shiga haka kawai.

Aibin Disamba ɗaya ne, wato hazo. Idan hunturu ya kankama, za ka kai ƙololuwa ka duba ƙasa ka ga fari fat maimakon kwaruruka da gonaki. A ganina ƙarshen Oktoba ya fi, lokacin da ruwa ya ɗauke amma ciyawa ba ta bushe ba. Sai dai idan ka ja kwanakinka suka kai 1 ga Janairu, za ka riski bikin Afan, wato bikin shekara-shekara na mutanen Kagoro, inda maharba suke fitowa da ƙaho da ganguna, kuma za ka ji dattawa suna ambaton marigayi Sarki Gwamna Awan, wanda ya riƙe sarautar Kagoro daga 1945 har 2008.

Maman Ummi, Kawo:

Malam, ni ta ɓangaren uwargida da yara zan yi magana, domin mun taɓa yin mako guda a wajen Zonkwa. Sanyin gindin dutse ya fi na Kaduna nesa ba kusa ba, ku tafi da barguna da rigunan sanyi da man shafawa. Mu mun raina shi, daren farko ƙaramar 'yata ta kwana tana tari, sai matar gidan ce ta tashi ta dafa mata citta da zuma, cittar ma daga bayan ɗakinta ta tono ta.

Game da Matsirga, tana kusa da Kafanchan ta wajen Madakiya, safiya ɗaya ta ishe ku. A Disamba ruwan ya ragu ƙwarai idan aka kwatanta da Agusta, amma ga mai yara hakan ya fi, domin da damina ƙarar ruwan kaɗai tana hana ka jin mai yi maka magana, ga santsi. Duk da haka ku riƙe hannun yara, kuma kada ku bar kowa ya shiga gurbin da ruwan yake zuba.

Sai zancen zama da mutane. Mafi yawan masu masaukinku Kiristoci ne, kuma lokacin Kirsimeti ne, za a yi ta aiko muku da abinci gida gida. Ku gaya wa abokinku tun da wuri abin da ba ku ci, babu wanda zai ji haushi, mu har kaza suka riƙa miƙo wa maigidana ya yanka da kansa. Uwargida ta tafi da tsaraba, ko turmin atamfa ne da sabulu, a kai wa mahaifiyar gidan. Idan an ba ku faten acca kuma kada ku mayar.

Mai Tonon Tarihi:

Ina goyon bayan Yaya Ɗan Layin Dogo kan Kamuku, amma ina ganin ya yi wa Nok rowar magana. Ƙauyen yana Ƙaramar Hukumar Jaba, kusa da Kwoi, kuma daga Kagoro ta Kafanchan za ka bi, yini guda ya isa zuwa da dawowa. A can ne masu haƙar kuza suka fara cin karo da gumakan yumɓu a 1928. A 1943 aka kai wa Bernard Fagg, wani Bature masanin kayan tarihi, wani kan mutum na yumɓu da aka samo a yankin Jama'a, wanda wani ya kafa a gonar doyarsa don korar tsuntsaye, shi kuma ya lura da kamanninsa da na Nok, daga nan sunan ƙauyen ya bi duniya. Masu binciken Jami'ar Goethe ta Jamus, da suka fara aiki a 2005, sun nuna cewa al'ummar da ta ƙera waɗannan gumaka ta faro tun wajen shekara 1500 kafin haihuwar Annabi Isa, Alaihis Salam.

Sai dai ka rage buri, Malam. Nok ƙauyen manoma ne mai duwatsu da koguna da ɗan ƙaramin wurin adana kayan tarihi, manyan gumakan kuwa suna gidajen tarihi, wasu da yawa kuma an yi fasa-ƙwaurinsu zuwa Turai. Shawarata ita ce kafin ku tashi ka kai yaran gidan tarihi na titin Ali Akilu a nan Kaduna su ga irin idanun nan masu kusurwa uku da huji a tsakiya, ta yadda idan sun tsaya a ƙasar da aka tono su za su san abin da suke kallo. Idan wani ya ja ka gefe yana yi maka tallan gunki, ka ba shi haƙuri, ko dai jabu ne, ko kuma na gaske ne wanda doka ta hana cinikinsa.

Malamin Tudun Wada:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na soke Kamuku, kuma na yi waya da abokina, ya ce ƙanensa zai yi mana jagora zuwa kan dutse, sannan mu daidaita kwanakin daga 29 ga Disamba zuwa 2 ga Janairu don mu riski Afan. Ya kuma ja kunnena cewa mu bar Kaduna da sassafe ta Kujama da Kachia, kada magariba ta same mu a hanya, kuma zai tambayi halin da hanyar take ciki ana jibi mu tashi. Saura abu ɗaya, Hajiya Maman Ummi: autanmu shekararsa 6, a ganinki zai iya hawan dutsen, ko in bar shi a gida wajen kakar abokina?