Revit biyu a kwamfuta ɗaya da lasisi ɗaya, ya halatta?

Maman Khalifa: Assalamu alaikum 'yan zaure. Na biya Revit, manhajar zanen gine-gine, na shekara, ina aiki da na 2024. Yanzu an haɗa ni da wani injiniya da yake kan na 2022, ya ce ba zai matsa ba. Zan iya saka na 2022 kusa da nawa, ko sai na sake biyan wani lasisin?

Injiniya: Wa alaikumus salam Hajiya. Ba sai kin sake biya ba. Biyan shekara na Autodesk, kamfanin da ke yin Revit, yana ba ki na bana da wasu na shekarun baya. Ki shiga asusunki ki sauke, kowanne zai zauna a wurinsa.

Ɗan Fagge: Amma ki kiyaye, kada ki buɗe fayil ɗinsa da na 2024 ki adana. Revit ba ya komawa baya. AutoCAD, wata manhajar zane ta Autodesk, ita ce kike iya adanawa a tsohon tsari.

Malam Na Sabon Gari: Hajiya, tunda kin ce asusunki ne da sunanki, ki gode wa Allah. Bari in ba ku labarin abin da ya same ni bara. Wani mai sayar da manhajoji ya ce zai ba ni lasisi a kan kuɗin da bai kai kashi ɗaya cikin goma ba. Ya turo min imel da kalmar sirri, na saka, komai ya yi aiki. Wata biyu ina zanen gidan wani Alhaji, bene hawa biyu. Ashe mu da yawa ya sayar wa asusun nan guda. Kullum ina cikin aiki sai a fitar da ni, wai wani ya shiga a wani wuri. Ranar da zan miƙa zane, asusun ya rufe gaba ɗaya. Na kira mutumin har na gaji, waya a kashe. Abin da ya fi min ciwo, na riga na ɗaga fayil ɗin zuwa sabuwar siga, abokin aikina kuma yana kan tsohuwa, babu mai iya buɗewa a cikinmu. Sai da na ranci kuɗi na biya na gaskiya, Alhaji kuwa har yau ba ya amsa gaisuwata da daɗi. Lasisin nan da sunan mutum ɗaya ake bayarwa. Siga nawa ka saka ba shi ne matsalar ba, mutum nawa ke amfani da shi, nan ake kama ka.

Maman Khalifa: Subhanallahi. Allah ya mayar da alheri, Malam.

Mai Buga Kati: Shi ya sa mu muna nan kan CorelDRAW X7 ɗinmu, ba ruwanmu da wata-wata.

Ɗan Fagge: X7 ɗin da ka saya a ina? 😂

Mai Buga Kati: Kai dai ka biya ni kuɗin katin bikin ƙanwarka tukuna.

Injiniya: Ku bar wannan. Ga masu Adobe, ƙa'idarsu ta fi tsauri. A watan Mayu na 2019 suka taƙaita abin da za ka iya saukewa zuwa manyan sigogi biyu na ƙarshe, har suka aika wa mutane saƙo cewa ba su da izinin ci gaba da wasu tsofaffin, duk da suna biya. Lokacin suna shari'a da kamfanin fasahar sauti na Dolby. Kuma idan za ka sabunta Photoshop ko Premiere, akwai zaɓin cire tsohuwar siga, ka duba ka kashe shi kafin ka danna.

Baiwar Allah: Yaya, kwamfuta nawa suke bari?

Injiniya: Adobe biyu za ki iya shiga, amma ɗaya za ki yi aiki da ita a lokaci guda. Ta shago da ta gida, ba ke da yaron shago tare ba.

Mai Buga Kati: To ai mu yaron shago ne ke aikin.

Baiwar Allah: Ni InDesign, manhajar Adobe ta tsara shafuka, ke ba ni wahala, maɗaba'ar da nake kai wa aiki nasu tsoho ne.

Ɗan Fagge: Fitar musu da IDML, wato tsarin fayil da tsohon InDesign ke karantawa, zai buɗe. Ko PDF kawai in ba gyara za su yi ba.

Malam Na Sabon Gari: Wanda ke son abin ya zama nasa, masu rubuta manhaja su duba JetBrains, kamfanin da ke yi musu kayan aiki. In ka biya wata 12 a jere, sigar da ka fara da ita ta zama taka ko ka daina biya. Da sauran za su yi haka da an huta.

Baiwar Allah: Wai da wane kati kuke biya ne yanzu? Nawa ya ƙi jiya.

Maman Khalifa: Injiniya, na 2022 ya sauka, yana tambayar inda zan ajiye library, wato rumbun samfurin kayan gini. In bar shi inda ya zaɓa?

Injiniya: Bar shi, kowace shekara da nata babban fayil. Ki sa shekarar a sunan aikin, kar hannu ya kuskure.