Darasin jini ya tsaya mini a wuya, don Allah a ba ni shawara

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Ina aji biyu a likitanci, saura mako uku jarrabawa. Tun rasuwar Baba ni ke jinyar ƙanwata mai sikila. Watan jiya sau biyu aka kwantar da ita, a bakin gadonta nake karatu da fitilar waya, Umma kuma ƙafa ta hana ta zirga-zirga. Na haddace cewa jar ƙwayar jini kwana 120 take yi kafin saifa ta kawar da ita. Na san a sikila amino asid ɗin balin ne ya maye gurbin na gulutamet a wuri na 6 na sarƙar beta ta himogulobin, wato furotin ɗin da ke ɗaukar iskar oksijin a jini. Amma da an ce G6PD, sinadarin nan da ke kare jar ƙwaya daga fashewa, sai kaina ya kulle. Katin hadda ya fi ɗari a jakata. Ya zan yi?

Ɗan aji biyar: Wa alaikumus salam. Ƙanwata, ajiye katin nan. Riƙe abu ɗaya: jar ƙwaya ba ta da mitokondiriya, wato ɓangaren da ke samar wa ƙwaya mafi yawan makamashinta. Shi ya sa kowane gulukos ATP 2 kacal take ci a kansa (ATP shi ne makamashin da ƙwaya ke aiki da shi), ta ƙare da laktet. Sinadarin NADPH da ke sabunta gulutatayon, garkuwar ƙwaya daga lalacewa, kuwa ba ta da inda za ta samo shi sai wata hanyar sarrafa gulukos mai suna fentos fosfet, kuma G6PD ne ƙofar hanyar. Mai ƙarancin G6PD ya sha firimakwin, maganin zazzaɓin cizon sauro, ko a sa wa jariri kayan da aka adana da kafur, sai himogulobin ya lalace, ƙwayoyi su fashe, bilirubin, sinadari mai ruwan ɗorawa da ke fitowa daga himogulobin, ya taru, ido ya yi ɗorawa. Ciwon shawara ke nan. Ina abin haddacewa?

Wata 'yar aji uku: Yaya, mako uku fa ta ce. 'Yar'uwa, nemi tsoffin tambayoyi kawai. Ni bara fahimta na bi, malaminmu ya kayar da ni don ban kawo kalmominsa ba. Na je ofishinsa sau uku, ko kallona bai yi ba. Har yau abin na ci mini rai.

Ɗan aji biyar: Tsoffin tambayoyi ba za su tsaya miki gaban majinyaci ba.

Wata uwa: Allah ya ba ƙanwarki lafiya, 'yata. Ba wanda zai karɓe ki kwanan asibitin?

Mai tambaya: Amin Mama, na gode. Ba ta yarda da kowa sai ni. Yaya, katin nan da shi na ci aji ɗaya, ba zan iya yar da shi yanzu ba. Wata ta ce in ƙara da zane, shi zan gwada.

Ɗan aji biyar: To zana mini hanyar fentos fosfet yau da dare, ki turo.

Mai tambaya: Yau muna asibiti, za a ƙara mata jini.