Habeas corpus: sammaci ne, amma wa ake kai wa?

'Yan'uwa masu fassara, ku zo mu kashe wannan magana. Jiya ina fassara labarin wani fursuna a Amurka sai na ci karo da habeas corpus, na tsaya cak. Kalmar Latin ce, ma'anarta kusan "ka zo da jikinsa". Wani abokin aikina ya ce mu rubuta "kawo gawa". Na ce subhanallahi, mutumin nan da ransa yake zaune a kurkuku!

Na sha ganin ana rubuta "ɗaukaka ƙara". Ban yarda ba, ga kuma dalilina.

A Amurka, wanda kotun jiha ta ɗaure sai ya gama ɗaukaka ƙararsa a kotunan jihar har zuwa ta ƙoli tukuna. Idan bai dace ba, ya shigar da sabuwar ƙara fil a kotun tarayya ƙarƙashin sashe na 2254 na dokar tarayya da ta shafi kotuna, wato ƙarar habeas corpus ke nan. A takardar nan sunan shugaban gidan yarin ake rubutawa a matsayin wanda ake ƙara. Shi za a tambaya: da wace hujja kake riƙe da wannan bawan Allah? Kuma ba a jan ƙafa, domin dokar da Shugaba Clinton ya sa wa hannu a 1996, shekara guda bayan harin bam na Oklahoma, ta yanke wa'adin shekara ɗaya na shigar da wannan ƙara.

To idan alƙalin tarayya ya yi watsi da ita fa? A nan ne ɗaukaka ƙarar gaske take farawa. Kwana 30 fursunan ke da shi ya sanar da kotu cewa zai ɗaukaka ƙara. Ko da ya sanar, ƙofar ba ta buɗe sai alƙali ya ba shi wata takarda mai tabbatar da cewa akwai ƙwaƙƙwarar alamar an take masa haƙƙin da tsarin mulki ya ba shi. Ita kam "takardar izinin ɗaukaka ƙara" ta ishe ta. Daga nan alƙalai uku na kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya su saurara. In bai gamsu ba, yana da kwana 90 ya roƙi Kotun Ƙolin Amurka, wadda ba dole ba ne ta karɓa.

Kun ga idan muka kira matakin farko ɗaukaka ƙara, me za mu kira na biyun? Ɗaukaka ɗaukakar ƙara?

Shi ya sa na koma ga sammaci. Kowane Bahaushe ya san takardar da masinjan kotu ke kawowa har ƙofar gida. Bambancin kawai, wannan karon mai riƙe da makulli ake kai wa. Lauyoyinmu a Najeriya ma suna neman irinta idan an tsare mutum ba a kai shi kotu ba.

Na rubuta "sammacin kawo tsararre". Wata 'yar'uwa ta ce "umarnin gabatar da tsararre" ya fi kama da harshen kotu. Gaskiya ne, ranki ya daɗe, amma a rediyo tsoho zai fi saurin gane sammaci, shi na bari a labarin.