Jitar Mdou Moctar a Landan: blues rock ce ko kiɗan bikin Agadas?

Ɗan Fagge: Salamu alaikum jama'a. Ga magana na ajiye, mai ja ya kawo hujja: a cikin masu kaɗa jitar blues rock da suke raye yau, babu wanda ya kai Mdou Moctar, Ba'abzinen nan na Nijar, a kan dandamali. Na ga wasansa a nan Landan, shi ya sa nake faɗa da ƙarfi. Su huɗu ne kacal: shi, da Ahmoudou Madassane a jita ta biyu, da Souleymane Ibrahim a kan ganguna, sai Ba'amurken nan Mikey Coltun mai jitar bes. Ya fito da rawaninsa da farar Fender Stratocaster, kuma da hagu yake kaɗawa kamar Jimi Hendrix. Suna farawa a hankali, mai ganga yana ƙara sauri kaɗan-kaɗan, ba ka ankara ba sai ka ga duk ɗakin yana tsalle. Can wajen ƙarshe ya matso bakin dandamali, ya daina taɓa tsirkiya ɗaya-ɗaya, ya shiga goga hannu sama da ƙasa a wuyan jitar har tana kururuwa. Wani dattijon Bature kusa da ni ya riƙe kai da hannu biyu. Ni dai tun rasuwar Stevie Ray Vaughan a 1990 ban san wanda ya riƙe wannan kiɗa haka ba.

Ba'agadashe: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, yabon na karɓa hannu biyu, amma ka sa mutumin nan a layin da ba nasa ba. Abin da ka gani kiɗan biki ne. Zo Agadas ranar ɗaurin aure ka gani da yamma: an shimfiɗa tabarmi a fili, an ta da janareto, an jingina lasifika biyu da suka sha ƙura, samari sun kewaye wurin da babura suna haska fitila. Mata a gefe guda suna guɗa, maza su shigo fili biyu-biyu suna taka rawa da bakin rawani a hannu. Saurin nan da ka ce mai ganga yana ƙarawa, don masu rawa ake yin sa, idan bai ƙara ba za a ce makaɗan ba su iya ba. Ƙungiyar Etran de L'Aïr tun 1995 suke wannan aiki a bukukuwan garinmu. A wannan fili Mdou ya goge, ba a Amurka ba.

Ɗan Fagge: Yaya, ban musa inda ya goge ba. Amma kayan aikin fa? Jitar lantarki, jitar bes, gangunan Turawa, da na'urorin da ake takawa da ƙafa su sa murya ta yi kaushi. Duk kayan rock ne. Kuma shi da kansa bai ɓoye cewa ya kalli bidiyon Eddie Van Halen ba, ya ga yadda yake buga wuyan jita da yatsu, ya gwada nasa. To wanda ya ɗauki kayan gidan wasu da salon gidan wasu, ai ya shiga gidan.

Mai Gurmi: Ku ba ni wuri in sa baki, tunda ni ma tsirkiya nake taɓawa. Ɗan Fagge, kunnenka bai yaudare ka ba, akwai dalilin da ya sa ka ji blues. Muryoyi biyar ne ake hawa da sauka a kansu, a jitar Abzinawa da blues da gurmin Haruna Uje duka. Da jan tsirkiya har muryar ta karkata, ta tsaya tsakanin wannan da waccan, wannan ma kowa yana yi.

Amma ginin ya bambanta. Blues ɗin da su B.B. King da Vaughan suke yi yana da zagaye mai ƙirga goma sha biyu: a zauna a mazauni na farko, a tashi zuwa na huɗu, a dawo, a hau na biyar, a sauko gida, a sake. Ko ba ka san waƙar ba, ka san inda za a juya. Saurari Madassane a bayan Mdou ka ji ko yana wannan yawon. Yawanci wuri ɗaya yake zaune, yana nanata abu guda, kiɗan yana tafiya uku-uku, ba huɗu-huɗu irin na rock ba. Sannan duba hannunsa mai bugun tsirkiya. Ba ya riƙe ɗan filastik ɗin nan da Hendrix yake bugu da shi, da yatsa yake yi, yana saƙa ƙananan muryoyi da sauri a jikin babbar murya. Wannan hannun mai molo ne, irin masu kiɗan takamba.

Ɗan Fagge: Malam, ka ba ni makami da hannunka. John Lee Hooker ma ai a mazauni ɗaya yake zama waƙa ta ƙare. Haka Junior Kimbrough da R.L. Burnside na arewacin Mississippi. Ko su ma ba blues suke yi ba? Kuma Dan Auerbach na ƙungiyar Black Keys, wanda ya taso yana bin salon Kimbrough, shi ne ya kai Bombino, makaɗin jitar nan na Agadas, birnin Nashville na Amurka ya shirya masa faifan 2013. Me ya ji a jitar Agadas da ya ja shi, idan ba ɗan gidansu ya ji ba?

Mai Gurmi: Ɗan gidansu ya ji, gaskiyarka. Amma dangi daban, uba daban. Wani masanin kiɗa ɗan Ostiriya, Gerhard Kubik, ya fitar da littafi a 1999 yana nuna cewa salon blues ya fi kama da kiɗan ƙasashenmu na nesa da teku, inda mutum ɗaya yake zama da abin tsirkiya yana waƙa, har gogen Hausawa ya kawo a misali. Akwai kuma tarihi a baya: bayan tawayen bayi na Stono a 1739, hukumar Karolina ta Kudu ta hana bayi ganga. Ganga ta yi wuya, tsirkiya ta samu fili. Banjo ma daga kayan kiɗan Afirka ta Yamma ya samo asali. To idan Hooker ya yi kama da Ali Farka Toure na Niafunke, ba don wani ya kwaikwayi wani ba ne dole. Marigayi Ali Farka bai taɓa yarda a ce daga Amurka ya samo kiɗansa ba, kuma ya fi ni da kai sanin abin da ke hannunsa.

Baba na Tawa: Yaran nan, kuna ta ja a kan layin da za a sa shi. Ni damuwata daban. Na kalli bidiyon wasanninsa na Turai da jikana ya nuna mini, kuma raina bai yi daɗi ba. Ina maganar take? Mun ga zamanin tawayen Abzinawa a Nijar, daga 1990 har aka sa hannu kan sulhu ranar 24 ga Afrilu 1995. Lokacin nan kaset ɗin mawaƙin Abzinawa Abdallah Oumbadougou a ɓoye ake yawo da shi, daga hannu zuwa hannu. Jita ɗaya ce da tafi da murya, amma kowace kalma tana shiga kunne, domin saƙo ne ake aika wa waɗanda ke Libiya da Aljeriya da waɗanda suka rage a gida. Haka Tinariwen, ƙungiyar makaɗan Abzinawan Mali, suka fara. Shi Mdou ɗin ma ganin Abdallah ne ya sa masa son jita, har ya haɗa tasa da katako da wayar birkin keke. Yanzu kuwa ƙara ta danne waƙa. Mutum ya yi minti da minti yana sa jita ihu a gaban mutanen da ba su jin kalma ɗaya ta Tamashek. Ɗan Fagge, ɗana, gaya mini tsakaninka da Allah, ka san abin da yake faɗa a daren nan?

Ɗan Fagge: Baba, ba na jin Tamashek. Fassarar waƙoƙin na karanta a jikin faifai, na san yana magana kan Faransa da arzikin ƙasa da ake kwashewa, da halin da mata ke ciki. A ɗakin kuwa, jitar ce ta isar mini da fushin.

'Yar Damagaram: Baba, Allah ya ƙara girma, ku yi mini haƙuri in saɓa muku kaɗan. Ƙarar nan da kuke ƙi, ni ita nake ganin maganar. Tun 1971 ake haƙo yuraniyom a Arlit, an yi shekaru ana kunna wuta da shi a Turai, mu kuwa a lokacin yawancin wutarmu daga Najeriya muke saye, da aka yi juyin mulkin Yulin 2023 aka yanke ta muka zauna a duhu. Wanda zai faɗi wannan a tsakiyar Turai, da raɗa zai faɗa? Kuma bai bar harshensa ba. Da kasuwa kawai yake nema da tuni ya koma Turanci ko Faransanci. A faifansa na 2024 har waƙa ya yi yana kiran Abzinawa su riƙe harshensu kada ya ɓace.

Abu na biyu, ku maza duk kun tsallake mu. Kuna ta kiran Hendrix da Hooker, babu wanda ya ambaci tende. Turmi ne ake ɗaure wa fatar akuya, a jiƙa ta da ruwa, mata su zauna kewaye, ɗaya tana ba da waƙa saura suna amshi da tafi. Bugun da Souleymane yake yi a kan gangunan Turawa, ka rage masa sauri ka ji ko ba tafin matan nan ba ne. Ku nemi Fatou Seidi Ghali da ƙungiyarta ta Illighadad, can wajen Abalak, su suna haɗa tende da jita a zama ɗaya. Daga nan za ka gane inda ƙafar kiɗan take tsaye.

Ba'agadashe: Madalla, ƙanwata. Ga kuma wani abu da Ɗan Fagge ya kamata ya fi kowa sani. Faifan Mdou na farko a Sakkwato aka ɗauke shi, a 2008, da gangar kwamfuta da na'urar nan mai lanƙwasa murya ta waƙoƙin finafinan Hausa. Ba kamfani ne ya yaɗa shi ba, daga waya zuwa waya ya bi ta Bluetooth da katin memori, har wani Ba'amurke mai kamfanin Sahel Sounds, Christopher Kirkley, ya ji shi a wayoyin mutane ya shiga neman mai muryar. Lokacin da ya ari na'urar Kannywood babu wanda ya ce ya zama mawaƙin fim. Yau ya ari na'urar Amurka sai a ce ya zama ɗan blues rock? Makaɗin biki kowane kaya ya samu yana amfani da shi, muddin fili zai motsa.

Ɗan Fagge: Yaya, na ji zancen ganga, na ji zancen jita ta biyu, ba ni da abin cewa a kansu. Amma mintocin ƙarshen nan ba zan sakar muku su ba. Lokacin da ya bar waƙa, ya juya ya fuskanci lasifika don ta mayar wa jita kukanta, wannan ba a tende yake ba, ba a takamba yake ba. Hendrix ne ya mai da wannan kuka kiɗa kafin ya rasu a nan Landan a 1970. Kwatanta shi da Bombino ka gani. Bombino yana gudu a kan tsirkiya amma muryarsa tas take fita, ba ya fasa ta. Shi ya sa ma ya fi shiga kunnen dattawa, har faifansa na 2018 ya shiga takarar Grammy, na farko daga Nijar. Mdou kuwa da gangan yake fasawa.

Baba na Tawa: To ai ka faɗi abin da nake faɗa, sai dai kai yabo kake yi ni kuka nake yi. Bombino da ya dawo daga gudun hijira a Burkina Faso, a 2010 ya yi wasa a gindin babban masallacin Agadas da izinin Sarkin Abzin. Tsofaffi da yara suka taru, kowa ya ji abin da ake faɗa. Wannan shi ne wasa a wurina.

'Yar Damagaram: Baba, akwai abin da zai yi muku daɗi. Da juyin mulki ya rutsa da su Mdou a Amurka aka rufe iyaka suka kasa komawa gida, sun shiga ɗakin ɗaukar sauti sun sake waƙoƙin faifan 2024 da jitar katako, ba ihu ba kururuwa, aka fitar a 2025. Waƙoƙin su ne dai, kalmomin a fili. Ku sa jikanku ya nemo muku.

Baba na Tawa: Zan sa ya nemo, 'yata, Allah ya yi miki albarka. Amma wanda ake biyan kuɗi a shiga gani a Landan ba shi ba ne, mai ihun ne.

Mai Gurmi: Ɗan Fagge, kan kukan lasifika ina tare da kai, wannan aro ne daga rock, babu ja. Inda muka rabu shi ne ka ɗauki minti biyar na ƙarshe ka raɗa wa dukan daren suna da su. Kuma ko a cikin kukan nan, ka lura da abin da sauran ukun suke yi. Mawaƙan blues rock idan gwani ya shiga nuna bajinta, sauran suna ja da baya su ba shi fili. Su waɗannan ba sa ja da baya, ƙara matsawa suke yi, domin masu rawa ba su zauna ba.

Ba'agadashe: A nan tambayata take. Mutanen ɗakin nan rawa suka yi, ko tsayawa suka yi suna kallon yatsunsa?

Ɗan Fagge: Na gaba-gaba yatsu suke kallo, wasu ma da waya a sama suna ɗauka. Daga tsakiya zuwa baya rawa ake yi sosai. Akwai wasu samari masu rawani a gefen hagu, da alama 'yan gida ne, su suka buɗe ɗan fili suna shiga biyu-biyu, Turawa suka kewaye su suna tafi. Ni ina gaba wajen masu kallon yatsu, kuma ko gobe ya dawo Landan a nan zan tsaya.